Tsayin wurin kwana: yadda muka tsara tafiya Kirgistan a ƙarshen Agusta

Yaya ne ya fara kawo maganar, bayan ƙaramar Sallah, da aka gama hawa aka kwance wa dawaki kaya. Mutum ne da ya tashi da doki tun yana yaro, kuma tun da ya yi ritaya babu abin da yake kallo a waya sai dawakin duniya. A nan ya ci karo da kok-boru, wasan da mahayan Kirgistan ke yi suna ƙwace gawar akuya daga hannun juna a guje, ya kira ni ya ce, “Kai da ka iya harkar intanet ɗin nan, duba mana yadda ake zuwa ƙasar mutanen nan. Ina so in gan su da idona tun gwiwata tana ɗaukata.” Mu huɗu za mu tafi: shi mai shekara 59 da hawan jinin da yake shan magani a kansa, matarsa, ɗansu na fari mai shekara 25, sai ni da aka ɗora wa tsarin. Na rubuta yadda abin ya gudana ne saboda akwai wani abu guda da ya sauya mana tafiyar gaba ɗaya, kuma ban same shi a ko ɗaya daga cikin jagororin matafiya da na karanta ba, domin ba don masu irin jininmu aka rubuta su ba.

Kirgistan ƙasa ce a tsakiyar Asiya, tsakanin Kazakistan da Sin da Tajikistan da Uzbekistan, mai mutane wajen miliyan bakwai, mafi yawansu Musulmi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar duwatsu ne, jerin Tiyan-Shan da gefen Pamir, kuma dutsenta mafi tsayi, Jengish Chokusu, ya kai mita 7,439. Wannan lissafin bai shiga kaina ba sai da na auna shi da abin da na sani. Kano tana ƙasa da mita 500. Jos da muke kira garin sanyi tana wajen 1,200. Wuri mafi tsayi a duk Nijeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Tafkin Son-Kul, inda Yaya yake son ya kwana cikin makiyaya, yana kan mita 3,016. Wato za mu shimfiɗa mu yi barci a inda ya fi ƙololuwar ƙasarmu tsayi da kusan mita 600.

Ranar tafiya

Lokacin zafinsu ya zo daidai da daminarmu. Sanda ake marka a Kano, a Bishkek, babban birnin ƙasar, rana ce ƙwal, zafi yana haura digiri 30. Amma zafin na kwari ne kawai. Duk mita dubu da mutum ya hau, yanayin yana sauka da wajen digiri shida da rabi, don haka ƙasar ba ta da yanayi ɗaya a rana ɗaya, kana iya karyawa da gumi ka yi la'asar cikin ƙanƙara.

Makiyayan Kirgiz suna da abin da suke kira jailoo, makiyayar tudu. Da Yuni ya kama sai su ɗaure kaya su hau da garkunan tumaki da dawaki, su kafa bukkokinsu, su zauna har Satumba. Duk wanda ya san yadda Fulani ke tashi da shanu idan ciyawa ta ƙare zai gane tsarin, sai dai su sanyi ne ke koro su, ba fari ba. Makarantu suna buɗewa ran 1 ga Satumba, iyalai masu yara su fara sauka, daga nan bukkoki su riƙa raguwa har zuwa ƙarshen wata, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. To mai son ganin jailoo yana da ƙofa ta wata uku da 'yan kwanaki.

Na so mu tafi Yuli, lokacin da ciyawa take kore shar, amma abu biyu suka hana. Na ɗaya, yaron ba zai samu hutu a wurin aikinsa ba sai ƙarshen Agusta. Na biyu, Yuli da farkon Agusta su ne lokacin cunkoso a bakin babban tafkin Isik-Kul, inda masu hutu daga Kazakistan da Rasha ke cika masaukai, kuɗin ɗaki ya tashi. Da an wuce bikin 'yancin kai na 31 ga Agusta, ranar da ƙasar ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, wurin yakan yi sauƙi. Ƙarshen Agusta kuma ruwan kogunan da ake tsallakawa ya fara ja baya, kankana da inabi da tuffa sun cika kasuwa. Ladan jinkirin ke nan. Farashinsa kuwa dare mai sanyi a tudu, da ciyawar da ta fara zama ruwan ƙasa, da sanin cewa kowace rana muka ƙara, wasu makiyayan sun tafi. Wannan ya jefa ni cikin matsi tun farko: kalandar makiyaya tana cewa mu hau Son-Kul da wuri, jiki kuma, kamar yadda na gano daga baya, yana cewa mu bar shi ƙarshe.

Tsarin farko, da abin da ya rushe shi

Tsarin da na fara zanawa na taswira ne. Mu sauka Bishkek, washegari mu wuce garin Kochkor mu hau Son-Kul kafin makiyaya su watse, mu kwana biyu, mu gangaro mu zaga Isik-Kul zuwa garin Karakol. A can yaron zai rabu da mu kwana uku ya yi tattakin da yake mafarki, daga kwarin Karakol zuwa tafkin Ala-Kul mai tsayin sama da mita 3,500, ya tsallake mashigin dutse mai kusan 3,900, ya sauko maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Altin-Arashan. A takarda abin ya yi kyau, babu komawa baya, babu ɓata mai.

Saboda hawan jinin Yaya muka je ganin likita, wata biyu kafin tashi. Duk fargabarmu a kansa take. Likitan ya duba shi, ya ce tunda jinin yana zaune da magani babu laifi, ya tafi da na'urar awo, kada ya tsallake ƙwaya ko ɗaya, ya kuma riƙe maganin a jakar hannu ba a akwatin da za a jefa cikin jirgi ba. Sai ya juya ya tambaye mu gaba ɗaya, kowa ya san jinotayif ɗinsa? Ni AA ne, Yaya ma haka. Matar Yaya AS ce, yaron kuma ya gado ta. Likitan ya ajiye biro ya ce mu sake karanta masa tsayin wuraren.

Ga abin da ya bayyana mana, na kuma bi na karanta na tabbatar. Mai AS ba mai sikila ba ne, yana rayuwarsa lafiya lau, da yawa ma ba su san suna ɗauke da shi ba sai an zo gwajin aure. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu haka yake. Amma wani kaso na sinadarin jan jininsa nau'in S ne, wanda ke lanƙwashewa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci ƙwarai. A mita 3,000 abin da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya bai fi kashi 70 cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Idan aka haɗa wannan da aikin ƙarfi da ƙishirwa da sanyi, ƙwayoyin jinin na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a saifa, wani yanki nata ya mutu. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba kafaɗa, da amai da zazzaɓi. Ba abu ne mai yawan faruwa ba, mafi yawan masu AS suna hawa su sauko ba abin da ya same su. Amma yana faruwa, kuma ya fi samun maza matasa masu ƙarfi, domin su ne ke sauka daga mota su kama hawa da gudu. A 2007 wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya buga wasa a Denver, birnin da tsayinsa wajen mita 1,600 ne kawai, ya kamu da wannan matsala har aka cire masa saifa da madaciya. Tsayin Denver shi ne tsayin bakin Isik-Kul. Abin da ya kai shi ƙasa ba tsayi kaɗai ba ne, tsayi ne da gudu na fitar rai.

Wani ƙarin abin da likitan ya faɗa ya fi tsaya mini a rai. Likitan ƙauye a tsakiyar Asiya yana iya yin shekarunsa na aiki bai taɓa ganin mai sikila ba. In aka kai masa baƙo da ciwon ciki, tunaninsa zai tafi wani wuri, har ya kai ga wuƙa, alhali galibin irin wannan ciwon saifa ana magance shi ne da saukowa daga tudu, da ƙarin ruwa, da oksijin, da maganin raɗaɗi. Ya rubuta mana takarda mai bayanin jinin su biyun, muka kai aka fassara ta zuwa Rashanci, harshen da kusan kowane ma'aikacin lafiya a can yake ji, muka kwafa huɗu kowa ya sa a fasfonsa.

Sai ciwon tudu na kowa da kowa, wanda bai san AA ko AS ba. Yakan fara daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Idan ya yi muni ruwa yana taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan suna kisa. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, abin da ke karewa shi ne hawa sannu a hankali. Ƙa'idar likitocin tudu ita ce a lura da inda ake kwana, ba inda ake kaiwa da rana ba: kada a tashi daga kwari a kwana kai tsaye a kusan mita 3,000, kuma bayan an wuce nan kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Tsarina na farko ya ɗauke mu daga mita 800 na Bishkek zuwa 3,016 a yini ɗaya, kwana biyu da barin Kano. Akwai ƙwayar asetazolamid da ake sha don taimaka wa jiki ya saba, amma tana sa yawan fitsari, don haka likitan bai rubuta wa masu AS ɗin ba, tunda bushewar jiki ake gudu gare su.

Yaron bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, “Baffa, ni da nake buga ƙwallo duk Asabar? Baba mai hawan jini an bar shi, ni za a hana?” Na ce masa ba hana shi ƙasar aka yi ba, Ala-Kul kaɗai aka cire. Dalilina ba tsayin ba ne kawai. Hanyar Ala-Kul ƙafa ce, kwana uku da kaya a baya, hawan ƙarshe kan tsakuwa mai zamewa, kuma babu mota da za ta iso mutum a can. In ciwo ya kama shi a mashigin, sa'o'i da yawa ne kafin a kai shi inda taya ke iya zuwa. Mahaifiyarsa ba ta tsawaita ba, cewa ta yi ita ba za ta zauna a Karakol kwana uku tana kallon dutse tana lissafi ba. Kwana biyu yana fushi, a na uku ya turo mini sunan wani ƙauye, Jirgalan, ya ce in duba. Shi ne ya zama mabuɗin sabon tsarin.

Tsarin da muka bi

Na ajiye taswira na ɗauki takarda na rubuta tsayin kowane wurin kwana, na jera su kamar matakala. Dare uku a Bishkek. Dare biyu a Karakol, wajen mita 1,750. Dare biyu a Jirgalan, tsohon ƙauyen haƙar kwal da ke gabashin Karakol, sama da mita 2,200, inda ake hawan doki a tudu da rana a dawo a kwana a gida, kuma mota tana zuwa har ƙofa. Dare biyu a kudancin bakin Isik-Kul. Dare ɗaya a Kochkor, wajen 1,800. Sai Son-Kul a rana ta goma sha ɗaya, bayan jiki ya yi mako guda yana sabawa. Wannan ya kai mu makon farko na Satumba, wato mun sayi lafiyar jini da haɗarin mu tarar an fara watsewa. Na yarda da cinikin, har yanzu kuma ina ganin shi ne daidai.

Abu na biyu da na canza shi ne mota. Tsakanin garuruwa akwai marshrutka, ƙananan bas-bas masu arha da ke tashi idan sun cika, kamar dai tashoshinmu. Su muka hau daga Bishkek har Karakol. Amma zuwa Son-Kul al'adar ita ce direba ya kai baƙi ya juya, ya dawo ranar da aka yi alkawari. Na ƙi wannan. Muka yi ciniki da direba a Kochkor ta hannun ofishin masaukin baƙi na al'umma, tsarin da aka fi sani da CBT wanda ya faro a garin tun shekarar 2000, cewa zai kwana tare da mu, motarsa tana tsaye da mai a ciki. Maganin ciwon tudu na gaskiya saukowa ne, kuma mota da ke Kochkor ba ta da amfani ga wanda ke amai da ƙarfe biyun dare a inda waya ba ta kamawa. Cikin duk kuɗin da muka kashe, wannan ne wanda ban yi jayayya a kansa ba.

Inshora ma sai da na karanta ƙananan rubutun. Da yawa daga cikin inshorar tafiya suna da iyakar tsayi, wasu ba sa biya idan hawan doki ne ya jawo rauni, wasu kuma suna cire duk ciwon da mutum ya zo da shi. Sai da na nemi a rubuta mini a fili cewa mita 3,500 da doki da jinin AS duk suna ciki.

Sauran takardu ba su ba da wahala sosai ba. Mai fasfon Nijeriya yana buƙatar biza, ƙasar kuma tana bayar da ita ta intanet tun 2017, muka nema da wuri muka buga a takarda. Masaukinmu na Bishkek ya yi mana rajistar baƙi a kwanakin farko. Wuraren da ke dab da iyakar Sin, kamar tafkin Kel-Suu, suna buƙatar izini na musamman da ake nema tun kafin a zo, muka bar su. Jirgi ta Istanbul muka bi daga Abuja, muka sauka filin jirgin Manas na Bishkek da asuba, agogonsu yana gaban namu da awa biyar. Kuɗinsu som ne. Ban dogara da katin banki ba, dala muka riƙe sababbi kar, domin masu canji suna ƙin takarda mai datti ko yagewa, muka canza isasshe a Bishkek da Karakol tunda a tudu sai tsaba. Kaya kuwa matar Yaya ce ta yi gaskiya: ta sa kowa ya sayi rigar sanyi mai kauri, da dogon wando na ciki, da safar hannu, da hular ulu a gwanjo tun a Kano, ta ƙara man kaɗanya don leɓe da fata, saboda iskar can busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu, ranar tudu kuma tana ƙuna ko da ana sanyi.

Nama, nono da alƙibla

Wannan ɓangaren Yaya ne ya riƙe shi. Kirgizawa suna cin naman doki, suna ma ɗaukarsa naman girmamawa. Beshbarmak, taliya da dafaffen nama da ake kawo wa babban baƙo, yakan zo da na doki, haka chuchuk, hanjin da ake cusa wa nama da kitse. Su Hanafawa ne, kuma ko da yake Imam Abu Hanifa ya karhanta, manyan almajiransa biyu sun halatta, Shafi'awa da Hanbalawa ma sun halatta. Mu kuwa a Risala muka karanta cewa doki da alfadari sun shiga hukuncin jakin gida, saboda ayar Suratun Nahli da ta ce an halicce su don a hau da kuma ado. Yaya ya ce ba zai yi wa kowa wa'azi a gidansa ba, mutane suna kan mazhabarsu, shi ma yana kan tasa, kuma ko ba fiƙihu ba zai iya tauna dabbar da ya yi rayuwarsa yana shafa wa wuya ba. Muka haddace kalmomi uku: koy eti naman tunkiya, uy eti naman sa, jilki eti naman doki. Muka kuma riƙa sanar da masu masauki tun kafin a ɗora tukunya, domin ƙin abinci bayan an ajiye shi gaban baƙo cin fuska ne a can kamar yadda yake a nan. A Bishkek da wuraren hutu ana sayar da naman alade da giya, don haka a birni muna duba alamar halal.

Sai kimiz, nonon goɗiya da ake barinsa ya yi tsami a salka ana bugawa. Shi ne abin da ake fara miƙa wa baƙo a jailoo, kuma tsaminsa yana haifar da ɗan abin maye kaɗan. Muka yanke shawarar ba za mu sha ba, mu karɓi shayi da burodi da kaimak, wato kirim ɗin madara, da ayran mai kama da kindirmo. Babu wanda ya ɓata rai. Taɓa burodi ma kaɗai ya isa a ce baƙo ya karɓi karamci. Kuma da an gama ci, kowa yana ɗaga hannu ya shafa fuska ya ce omin, abin da ya sa matar Yaya ta ce ta ji kamar tana gida.

Alƙibla ta rikita mu ranar farko. Bahaushe ya saba gabas ita ce alƙibla har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinsa. A Kirgistan Makka tana kudu maso yamma, mutum yana fuskantar kusan inda rana ke faɗuwa. Mun yi Juma'a a babban masallacin Bishkek da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2018, mai sunan Imam Sarakhsi, malamin da ya yi shiftar littafinsa Al-Mabsut ga almajiransa yana tsare a kurkuku a Uzgen, a kudancin ƙasar. Yaya ya so ƙwarai mu je Uzgen da Osh, inda dutsen Sulaiman-Too yake. Hanyar mota daga Bishkek ta wuce kilomita 600 kuma tana ratsa mashigai biyu masu sama da mita 3,000, don haka muka bar su ƙarshen tafiya muka bi jirgi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Yadda ta kasance

Karakol ta biya Yaya tun kafin a je ko'ina. Na daidaita ranakun don mu wayi gari a can ranar Lahadi, saboda kasuwar dabbobi da ke ci tun duhun asuba ta watse kafin hantsi ya yi nisa. Ya shiga cikin dawaki yana buɗe baki yana duba haƙora, yana ɗaga kofato, dillalai masu dogayen fararen huluna suka kewaye shi suna dariya suna gyaɗa kai, babu harshe ɗaya tsakaninsu. Ya ce dawakin gajeru ne, ba su da kyan na hawan Sallah, amma ƙirjinsu da ƙafarsu na aiki ne. Da azahar muka yi salla a masallacin Dungan, na katako mai fenti kamar ginin Sin, wanda Musulmin da suka yi hijira daga can suka kammala a 1910.

A Jirgalan yaron ya hau doki yini biyu, da sharaɗin da muka yi: babu tsere, babu hawan tudu da ƙafa, gorar ruwa a hannu kullum, kuma ko ɗan ciwo ya ji a hagu ya faɗa nan take. Ya kiyaye. A kudancin Isik-Kul muka huta. Tafkin ya kai kilomita 180 a tsawo, zurfinsa mita 668, ruwansa da ɗan gishiri, ba ya daskarewa ko a tsakiyar sanyi, kuma tsayinsa daidai da na tudun Mambila. Muka ratsa ƙauyen Kizil-Tuu, inda kusan kowane gida sana'arsa lanƙwasa itace don yin ƙashin bukka, muka ga yadda ake haɗa tunduk, zoben da ke tsakiyar rufi, wanda hotonsa ne a tutar ƙasar.

Mun hau Son-Kul ta mashigin Kalmak-Ashu, sama da mita 3,400, ba mu daɗe a samansa ba. Daga can tafkin ya bayyana, fili shimfiɗe babu itace ko ɗaya, ciyawa ta zama ruwan zinariya, dawaki ɗaruruwa sake ba dabaibayi. Da'irori a ƙasa suna nuna inda bukkoki suka tashi a kwanakin nan, amma da sauran mutane. Yaya ya yi la'asar a bakin ruwa, ya zauna kallon yadda wata mata ke tatsar goɗiya, an kawo ɗan ya fara tsotsa sannan a janye shi. Bai yi magana ba har magariba.

Da rana ta faɗi sanyi ya sauko kamar an zuba shi. Aka hura murhu da busasshiyar kashin dabbobi, muka shiga ƙarƙashin barguna masu nauyi. Wajen ƙarfe ɗaya na farka kaina yana sarawa, zuciyata tana tashi, ina jin bugun jini a kunne. Na haska masu AS ɗin biyu, suna barcinsu lafiya. Na auna Yaya, jininsa ya ɗan hau amma bai wuce iyakar da likita ya ba mu ba. Na sha ruwa da farasitamol, na gwada tafiya a miƙe a kan layin shimfiɗa kamar yadda aka koya mana, ƙafata ba ta karkace ba, numfashina ba ya sarƙewa, don haka ban tashi direba ba. Da asuba ruwan buta ya yi ɓawon ƙanƙara, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, kaina kuma bai saki ba. Dare biyu muka biya, amma ƙa'idar da muka yi tun Kano ita ce in ɗaya ya kwana da ciwo bai warware da safe ba, kowa ya sauka. Yaya ne da kansa ya ce wa direba ya tayar da mota.

Kafin mu gama ɗaure kaya, maƙwabtan masu masaukinmu sun fara kwance tasu bukkar. Mata suna naɗe manyan shimfiɗun gashin tumaki, maza suna zare sandunan rufi ɗaya bayan ɗaya, yaronmu ya shiga cikinsu ya riƙe sandar da ke tallafe da tunduk har aka sauke shi aka ɗaure a saman babbar mota. Cikin awa guda babu abin da ya rage a wurin sai da'irar ciyawa da ta kwanta da tokar murhu. Muka biyo bayan garkensu a hanya, tumaki suka tare mu kusan rabin awa a gangaren mashigin, kuma kafin mu shiga Kochkor da azahar ciwon kan ya tafi.